Na'urorin gano hasken gama da injinan hanzarta zarra a Arewacin Najeriya

Na'urorin gano hasken gama kayan aiki ne da ake auna wani irin haske da su, wanda ido ba ya gani, mai fitowa daga cibiyar ƙwayar zarra. Injinan hanzarta zarra kuwa su ne masu ingiza ƙananan ɓarɓashin zarra, kamar furoton da ilektoron, har su kusa kai saurin haske, sannan a gwara su da juna ko da wani abu domin a ga abin da zai fito. Fannonin biyu 'yan gida ɗaya ne, domin dabarun da aka ƙirƙira don duba abin da ke fitowa daga karon zarra su ne aka ɗora wa taurarin ɗan'adam masu leƙen sararin samaniya.

Najeriya ba ta da babban injin hanzarta zarra irin na Turai ko Amurka, kuma taurarin ɗan'adam da ta mallaka na ɗaukar hoto ne da na sadarwa. Duk da haka ana auna hasken gama a Arewa: a ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma ta jiragen sama da suka yi shawagi a kan yankunan ma'adinai irin su Birnin Gwari. Muhimmancin wannan fanni ga yankin ya fi karkata ga zinariya, gubar ƙasa, adana abinci da maganin ciwon daji.

Hasken gama da yadda ake auna shi

Hasken gama dangin hasken rana ne da na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Yakan ratsa katako da jikin mutum, ba a tare shi sai da dalma mai kauri ko katangar siminti. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin MeV. Kowane sinadari da ke fitar da shi yana da nasa ƙarfin da aka san shi da shi, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsarsa. Fotashiyom-40 na fitar da 1.46 MeV. Dangin yuraniyom ana gane su ta 1.76 MeV, dangin toriyom kuma ta 2.61 MeV.

Na'urori iri biyu aka fi amfani da su. Ta farko tana da dunƙulen gishirin sodiyom ayodaid, wanda ke yin ɗan walƙiya duk lokacin da hasken gama ya buge shi, sai a ƙirga walƙiyar. Ba ta da tsada sosai kuma tana jure wahala. Ta biyu tana da tataccen jamaniyom, wanda ya fi iya rarrabe ƙarfi biyu masu kusanci da juna, amma ba ya aiki sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifili, galibi da ruwan naitirojin.

Injina masu wayar da ba ta turjiya

Kowace wayar lantarki ta yau da kullum tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa take zafi, wani ɓangare na wutar kuma ya salwanta. A shekarar 1911 Heike Kamerlingh Onnes, masani a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, turjiyarta takan ɓace gaba ɗaya. Daga baya aka samo wasu ƙarafa masu wannan hali, musamman gamin niyobiyom da titaniyom. Waya irin wannan tana ɗaukar wuta mai yawan gaske ba tare da ta yi zafi ba, don haka ana naɗa maganaɗisu mai ƙarfi da ita. Maganaɗisun ne ke lanƙwasa hanyar furoton domin ya ci gaba da zagayawa a cikin zobe.

Babban inji na farko da aka gina da irin wannan maganaɗisu shi ne Tevatron, a cibiyar Fermilab kusa da birnin Chicago na Amurka, wanda ya fara aiki a 1983 aka rufe shi a 2011. Wanda ya fi kowanne girma a yau shi ne LHC na cibiyar CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da Janiba. Zobe ne mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, yana da manyan maganaɗisu 1,232 da ake sanyayawa da ruwan hiliyom zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. A nan aka sanar da gano ɓarɓashin Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012.

Tarihin waɗannan injina ya nuna tsadarsu da saurin lalacewarsu. A watan Satumba na 2008, kwanaki kaɗan bayan kunna LHC, mahaɗar wuta guda ɗaya ta samu matsala, hiliyom ya ɓalle, aka cire maganaɗisu 53 domin gyara ko sauyawa, aikin bai dawo ba sai Nuwamba 2009. A 1993 majalisar dokokin Amurka ta soke aikin wani inji mai kilomita 87 a jihar Texas bayan an kashe kusan dala biliyan biyu. A halin yanzu CERN na shirin ƙara wa LHC ƙarfi da sababbin maganaɗisu na niyobiyom da kuza, ana sa ran kammalawa wajen 2030. A watan Maris na 2025 kuma ta fitar da rahoton nazarin wani sabon zobe mai kusan kilomita 91.

Afirka na shiga wannan fage ta hanyar tura masana. Jami'o'in Maroko, Masar da Afirka ta Kudu suna cikin ƙungiyoyin da ke gudanar da gwaje-gwajen LHC. Tun daga wani taro da aka yi a Grenoble ta Faransa a 2015, masana ke fafutikar ganin an gina wa nahiyar injin da ke samar da haske mai ƙarfi don binciken magunguna da ma'adinai. Misalin da sukan kawo shi ne SESAME na ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a 2017 da haɗin gwiwar ƙasashen yankin, ciki har da waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Na'urorin gama a sararin samaniya

Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken gama da ke zuwa daga taurari kafin ya iso ƙasa. Wannan rahama ce ga masu rai, amma tana nufin duk mai son auna shi kai tsaye sai ya kai na'urarsa sama da iskar.

An fara gano fashewar gama a sararin samaniya ba da niyya ba. Amurka ta harba taurarin Vela domin sa ido kan gwajin makaman nukiliya. A ranar 2 ga Yuli, 1967, suka kama wata walƙiyar gama da ba ta yi kama da ta bam ba, kuma ba a bayyana labarin ba sai 1973. Tauraron Compton, wanda ya yi aiki daga 1991 zuwa 2000, ya ƙirga irin wannan fashewa sama da 2,700, ya kuma nuna cewa suna zuwa daga kowace kusurwa ta sama, alamar cewa daga nesa ƙwarai suke. INTEGRAL na Turai ya yi aiki daga 2002 zuwa farkon 2025. Swift, wanda aka harba a 2004, da Fermi, wanda aka harba ranar 11 ga Yuni, 2008, sun ci gaba da aikin. A Yuni 2024 Sin da Faransa suka harba SVOM.

Fermi shi ne ya fi nuna dangantakar fannonin biyu. An harhaɗa babbar na'urarsa a SLAC, cibiyar injin hanzarta zarra da ke California. Idan hasken gama ya bugi siririn ƙarfen da ke cikinta, yakan rikiɗe ya zama ilektoron da kishiyarsa, sai jerin fallayen silikon su bi sawunsu su gano inda hasken ya fito. Haka ake bin sawun ɓarɓashi a gwaje-gwajen CERN. Ƙaramar na'urarsa kuwa tana da dunƙulen sodiyom ayodaid goma sha biyu, irin wanda ake ɗora wa jiragen binciken ma'adinai.

Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar karon wasu matattun taurari biyu masu nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Bayan daƙiƙa 1.7 Fermi da INTEGRAL suka ga walƙiyar gama daga wannan karo. Binciken hasken da ya biyo baya ya ƙarfafa ra'ayin cewa a irin wannan karo ake ƙera wani kaso na ƙarafa masu nauyi, ciki har da zinariya.

Birnin Gwari da awon gama daga jirgin sama

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna, tana kan zirin tsofaffin duwatsu masu zinariya da ya ratsa Anka da Maru a Zamfara ya gangara jihar Neja. An haƙi zinariya a Tsohon Birnin Gwari tun zamanin mulkin mallaka, kuma har yau masu haƙar gargajiya na bin jijiyoyin farin dutse a cikin dajin. Mazaɓu irin su Tabanni, Kuyello, Randagi da Dogon Dawa na manoma ne da makiyaya da ke zaune a gefen wannan daji.

Akan ji ana cewa ƙasashen waje na hango zinariyar da ke binne daga tauraron ɗan'adam. Ta fuskar hasken gama wannan ba ya yiwuwa, saboda dalilai biyu. Na farko, iskar da ke hana hasken gama na taurari saukowa ita ce ke hana na ƙasa hawa, domin bayan 'yan ɗaruruwan mita ya shanye. Kumbunan Lunar Prospector na 1998 da Mars Odyssey na 2001 sun iya zana taswirar sinadaran wata da duniyar Mars daga sama ne saboda wata ba shi da iska, ta Mars kuma ba ta da kauri. Na biyu, zinariya ba ta fitar da hasken gama da kanta. Abin da hotunan tauraron ɗan'adam ke nunawa shi ne launin duwatsu, tsagogin ƙasa da ramukan da aka riga aka haƙa.

Don haka awon gama na ƙasa sai da jirgi mai tashi ƙasa-ƙasa. Tsakanin 2003 da 2010 kamfanin Fugro ya yi wa Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya irin wannan awo a faɗin ƙasar, jiragen na tafiya kimanin mita 80 daga ƙasa, a kan layuka masu tazarar mita 500. An samu taswirar fotashiyom, yuraniyom da toriyom, tare da ta maganaɗisun duwatsu. Amfaninta ga masu neman zinariya shi ne, ruwan zafin da ya ɗauko zinariya daga can ƙarƙashin ƙasa tun da daɗewa yakan bar fotashiyom mai yawa a duwatsun da ya ratsa. Inda fotashiyom ya yi yawa fiye da toriyom, kuma akwai tsaga a dutsen, nan masana kan ce a je a duba.

Taswirar tana da iyaka. Hasken da jirgi ke kamawa daga saman ƙasa yake fitowa, abin da bai kai kamu ɗaya ba, kuma laima da ƙasar da ruwa ya kwaso sukan ɓata awon. Dole masani ya taka da ƙafarsa ya ɗebo samfuri, ya kai ɗakin gwaji. A nan matsalar tsaro ta shigo. Sama da shekara goma 'yan bindiga da mayaƙan Ansaru suka mamaye sassan dajin, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, mutanen ƙauyuka da dama suka yi gudun hijira. A makwabciyarta Zamfara gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Afrilu 2019, ta hana shawagin jirage a Maris 2021, kuma a watan Yuli na wannan shekarar aka harbo jirgin yaƙin sojan sama a yankin iyakar Zamfara da Kaduna. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta Uba Sani ta sanar da sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, aka kuma ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba. Ko masu bincike za su iya komawa dajin ya dogara ne ga ɗorewar wannan zaman lafiya.

Cibiyar Zariya

Bayan dokar 1976 da ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, an buɗe cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Zariya, ɗaya a Ile-Ife. Ta Ife tana da ƙaramin injin hanzarta zarra mai ƙarfin bolt miliyan 1.7, wanda ake gwada samfuri da shi. Ta Zariya, wato CERT, ita ke da tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne na zafi, ba ta ba da wutar lantarki. Aikinta samar da nutiron.

Ana saka ɗan samfurin ƙasa, dutse, hatsi ko ganye a cikin ƙaramin kwanso, a tura shi cikin tukunyar ta bututu. Sinadaran da ke cikinsa su haɗiyi nutiron, su fara fitar da hasken gama na ɗan lokaci. Sai a fito da shi a ajiye gaban na'urar jamaniyom. Zinariya na cikin abubuwan da wannan hanya ta fi saurin ganowa: takan koma zinariya-198, wadda rabinta ke ƙarewa cikin kwana 2.7, tana fitar da 0.41 MeV. Haka ake gano arsenik, zaiba da yuraniyom ko da kaɗan ne ƙwarai. Irin wannan na'ura ta jamaniyom aka ɗora wa INTEGRAL, da kumbon Psyche da aka harba a 2023.

Da farko tukunyar na aiki da yuraniyom da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, matakin da ake iya ƙera makami da shi, kimanin kilo ɗaya. Saboda fargabar kada ya faɗa hannun 'yan ta'adda, a 2018 aka sauya shi da wanda aka tace zuwa kashi 13, da haɗin gwiwar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, Amurka da Sin, aka mayar da tsohon zuwa Sin a ƙarshen shekarar. Gana ta yi irin wannan sauyi ga tata tukunyar a 2017.

Guba, abinci da lafiya

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma. Duwatsun zinariyar yankin na ɗauke da dalma, ana kuma daka su ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, kudu da Birnin Gwari, inda yara aƙalla 28 suka mutu. Dalma ba ta cikin abubuwan da tukunyar nutiron ke ganowa da kyau. Masu tsabtace ƙauyukan sun yi amfani da na'urar hannu mai harba hasken hoton ƙashi a kan ƙasa ta karanta abin da ya dawo. Ka'idar aikinta ɗaya da ta na'urar gama, wato gane sinadari ta ƙarfin hasken da ya fitar. Gwada dutse kafin a kai shi gida a daka ya fi sauƙi da araha bisa kankare ƙasar ƙauye guda bayan an yi asarar rayuka.

A Sheda, kusa da Abuja, akwai wurin haska kayan abinci da hasken gama na kobalt-60. Haskawar na kashe ƙwarin wake da hatsi, tana hana doya da albasa tsiro, kuma abincin ba ya zama mai fitar da haske bayan an gama. Batun ya ƙara muhimmanci tun 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa.

A asibiti ma ana cin moriyar wannan fanni. Na'urar MRI tana aiki da maganaɗisun niyobiyom da titaniyom da ake sanyayawa da hiliyom, kuma ginin Tevatron na cikin abin da ya bunƙasa sana'ar ƙera wannan waya. Injin gashin ciwon daji na zamani ƙaramin injin hanzarta ilektoron ne. Asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato na cikin 'yan tsirarun wuraren da ake yin wannan gashi a Arewa, abin da ke sa marasa lafiya yin doguwar tafiya da dogon jira.

Ƙalubale da muhawara

Wutar lantarki ita ce babbar matsala. CERN kaɗai na jan kimanin megawat 200 idan injinanta na aiki, alhali abin da babban layin Najeriya ke rabawa ga ƙasar baki ɗaya galibi tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da lalacewar layin da ya maye gurbinsa. Na'urar da ke buƙatar sanyi dare da rana ba ta jure irin wannan yankewa. Idan maganaɗisun MRI ya ɗumama, hiliyom ɗinsa kan tsere, kuma daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙetare. SESAME ya rage wa kansa wannan nauyi ta hanyar komawa ga wutar hasken rana a 2019.

Matsala ta biyu ita ce ƙwararru. Injin da aka sayo yana buƙatar injiniya da zai gyara shi da masanin da zai daidaita awonsa, kuma da yawa daga waɗanda aka horar sukan tafi inda albashi da kayan aiki suka fi. Makarantar Kimiyyar Zarra ta Afirka, wadda aka fara a Stellenbosch a 2010 kuma take zagaya ƙasashe, an kafa ta ne domin cike wannan giɓi.

Masu goyon bayan shiga manyan ayyukan duniya na ganin ɗalibin da ya koyi aiki a CERN ko a kan bayanan Fermi, waɗanda ake sakewa kyauta a intanet, zai dawo da ƙwarewar da asibiti da ma'aikatar ma'adinai ke buƙata. Wasu kuma na ganin kuɗin da ake da shi ya fi dacewa da gyaran abin da ke hannu: ruwan naitirojin da wuta tsayayya ga cibiyar Zariya, na'urorin hannu ga jami'an lafiya a yankunan haƙar zinariya, da masu gyaran injinan asibiti. Ra'ayoyin biyu sun haɗu a kan cewa ilimin auna haske ɗaya ne a ko'ina. Tsakanin dajin Birnin Gwari da ɗakin gwajin Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, kuma taswirar da jirage suka zana tana nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne hanya mai aminci da samfurin ƙasa zai bi ya isa gaban na'ura, da kuma hanyar da sakamakon zai koma ga mutanen da ke haƙa da noma a wurin.